Neman tozo a shafen manganait: littafin aikina daga Kumasi

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Samfuran sun iso. Guda huɗu ne, cikin ɗan kwalin roba da bai fi na ashana girma ba, kowanne milimita 5 a tsawo, 5 a faɗi. Wani tsohon ɗalibin Dokta da ke aiki a Afirka ta Kudu ne ya shafa su da na'urar leza, domin mu a nan ba mu da ita. Dokta, malamin da ke duba aikina, ya miƙo mini kwalin ya ce, "Malam, in ka yi atishawa a kansu, digirinka ka hure." Na yi dariya, amma na rufe kwalin tukuna.

Bari in rubuta abin da nake nema tun yau, don kada in ɓace a hanya. Sinadarin shi ne La0.7Ca0.3MnO3, haɗin lantanom da kalshiyam da manganis da oksijin, ɗaya daga cikin dangin da ake kira manganait. In yana dunƙule, da zafin ɗaki yakan yi wa lantarki gardama, kuma gardamar tana ƙaruwa yayin da ake sanyaya shi. Sai a wajejen kelbin 250 zuwa 260 (kelbin awon zafi ne, ruwa yana daskarewa a 273) ya juya hali: ya zama maganaɗisu, turjiyarsa ta faɗo ƙasa, lantarki ya riƙa gudu a cikinsa kamar a ƙarfe. In ka zana turjiya a kan zafi sai ka ga tozo irin na bijimi. Wannan tozon nake farauta.

Nawa ba dunƙule ba ne, shafe ne siriri a kan daɓen wani kiristal. Shafe kuwa ba shi da ikon kansa: ƙwayoyinsa dole su tsaya daidai da na daɓen, kamar yadda mai sallah a sahu na biyu yake daidaita da wanda ke gabansa. Tazarar ƙwayoyin manganait ɗin nanomita 0.386 ce (nanomita miliyan ɗaya ne milimita guda). Daɓe iri uku nake da su: ta NdGaO3 kusan haka take, don haka ba takura. Ta SrTiO3 0.3905 ce, sai ta ja shafen ya buɗe da kashi ɗaya da ɗan wani abu cikin ɗari. Ta LaAlO3 0.379 ce, tana matse shi da kusan kashi biyu cikin ɗari, irin matsin sahun Juma'a a babban masallaci. Ina da shafe mai kaurin nanomita 20 a kan kowane ɗaya daga cikin ukun, da na huɗu mai kaurin 120 a kan LaAlO3. Tambayata: ina tozon yake komawa in an ja ko an matse, kuma ja da matsin ne kaɗai ke tura shi?

Juma'a, 24 ga Janairu

Ba mu da na'urar sanyaya samfur ta zamani. Abin da muke da shi tulun ruwan naitirojin ne mai lita 25. Dabarar tsohuwa ce: a ɗaura samfur a ƙarshen dogon bututu, a riƙa saukar da shi cikin wuyan tulun kaɗan-kaɗan. Can sama akwai ɗumi, can ƙasa kelbin 77, tsakani kuma kowane zafi da kake so.

Da safe na hau motar haya, tirotiro, zuwa Suame Magazin, unguwar makanikai, da zanena a aljihu. Masta mai injin gyaran ƙarfe, mutumin Asawase ne, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Ɗan uwa, wannan na wace mota ce?" Na ce ba mota ba ce, dutse zan sanyaya. Ya dube ni ta saman tabarau, bai ce komai ba, ya ɗauko guntun tagulla ya ɗaura. Na tsaya ina kallon ɓawon tagulla yana murɗewa yana zuba a kan takalminsa. Ya huda rami don ma'aunin zafi, na ce ya yi faɗi, ma'aunin zai riƙa lilo. Ya ce a mota wannan ba komai ba ne. Na ce a wurina gashi ɗaya na iska tsakanin ma'auni da tagulla ƙarya ce ta digiri biyar. Ya jefar da guntun a kwandon, ya sake wani, bai ƙara mini ko sisi ba. Bututun na bakin ƙarfe marar tsatsa na zaɓa, mai siririn bango, saboda ba ya jan zafi daga hannuna zuwa ƙasa.

Na makara Juma'a, a waje na samu wuri, kan kwali.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Mako guda ina koyon ɗiga mannin azurfa. Hanyar da van der Pauw ya wallafa a 1958 nake bi: ɗigo huɗu a kusurwa huɗu, lantarki ya shiga ta biyu, a auna bolta ta sauran biyun, sannan a juya. Sharaɗin shi ne ɗigon ya zama ƙarami kuma a bakin gefe. Da tsinken sakace da na fiƙe da reza nake yi, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na ɓata gilashi fiye da ashirin ina gwaji kafin in taɓa samfur na gaske. Hazon hunturu bai taimaka ba, ka goge tebur, ka juya, ƙura ta dawo.

Ma'aunin zafin na filatinom ne. A ruwan ƙanƙara ya ba ni om 100, a cikin naitirojin wajen om 20. Haka ya kamata.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na ga tozo.

Da na NdGaO3 na fara, tunda shi ba a takura masa ba. Na ba shi maikiro-amfiya 10, na fara sauke bututun. Turjiya tana hawa, tana hawa, na fara tunanin ko wata waya ce ke kwancewa. A kelbin 258 lambobin suka yi cak, sannan suka gangaro kamar an ɓalle madatsa. Kafin in kai kelbin 200 turjiyar ta ragu fiye da ninki goma. Ni kaɗai ne a ɗakin, sai na ji ina cewa "Allahu Akbar" da ƙarfi. Baba mai kula da kayan aiki ya leƙo ya ce, "Lafiya, yaro?" Na nuna masa allon kwamfuta. Ya ce, "To, madalla," ya koma shan shayinsa.

Na karanta wannan abu sau ba adadi, amma ganinsa da ido daban ne. Jonker da van Santen ne suka fara lura da shi a 1950 a ɗakin binciken Philips da ke Holand: sun ga duk manganait ɗin da ya fi zama maganaɗisu shi ya fi barin lantarki wucewa. A 1951 Zener ya kawo dalili. Sa kalshiyam a gurbin lantanom yana sa wasu ƙwayoyin manganis su rasa ilektiron ɗaya, sai a samu Mn3+ da Mn4+ suna maƙwabtaka, oksijin na tsakaninsu. Ilektiron ɗin da ya yi saura yana iya tsallakawa ta kan oksijin zuwa gidan maƙwabci, amma kowane gida yana da alƙiblar maganaɗisunsa, kuma baƙo ba ya shiga cikin sauƙi sai alƙiblarsa ta dace da ta masu gida. Da zafi, kowane gida ya fuskanci inda ya ga dama, tafiya ta yi wuya. Da sanyi, duk unguwa ta fuskanci waje ɗaya, ƙofofi a buɗe.

Bayanin yana da daɗi, amma bai isa ba. Millis da Littlewood da Shraiman suka yi lissafi a 1995 suka nuna ruɗewar alƙibla kaɗai ba za ta ba da tozo mai tsayi haka ba. Akwai abu na biyu. Ilektiron in ya zauna a kan Mn3+ yakan lanƙwasa kejin oksijin shida da ke kewaye da shi, abin da Jahn da Teller suka bayyana tun 1937. Kamar mutum ne a kan tsohuwar katifa: ya zauna, ta lotsa, tashi ya yi masa nauyi. Ilektiron da ramin da ya haƙa wa kansa su ake kira folaron. A nan aikina ya shigo, domin daɓen da ya ja ko ya matse shafe ya riga ya lanƙwasa kejin tun kafin ilektiron ya zo. An lotsa masa katifar tun daga shago.

Matsala ɗaya: da nake dawowa sama, tozon ya fito a kelbin 264. Akwai manganait da suke da irin wannan saɓani tsakanin sauka da hawa na gaskiya, amma nawa gaggawa ce. Ma'aunin yana cikin tagulla, samfur yana kai, ɗaya yana riga ɗaya jin sanyi. Da na rage gudu zuwa kelbin ɗaya a minti, saɓanin ya koma ƙasa da kelbin 2. Wato kowane awo zai ci awa bakwai, sauka da hawa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Dumso. An ɗauke wuta ina kelbin 190, awa uku sun tafi, da naitirojin ɗin da suka ci. Na gyara manhajar ta riƙa ajiye kowane layi nan take maimakon jira sai ƙarshe. Tun farko ya kamata in yi haka.

Alhamis, 6 ga Maris

Hutun ranar 'yancin kai, ga azumi. Ba kowa a ginin, babu mai kunna injin da zai girgiza mini lambobi. Awon awa bakwai ya dace da mai azumi: ba ka buƙatar ƙarfi, haƙuri kawai.

Mai kauri na LaAlO3 ya ba da tozo a kelbin 228. Na SrTiO3, wanda aka ja, tozonsa ya gangaro har 175, ya yi faɗi, turjiyar kuma ta fi ta na NdGaO3 sosai. Kelbin tamanin da ɗoriya saboda jan da bai kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ba. Har yanzu abin yana ba ni mamaki.

Na kuma kama kaina da kuskure. A ƙasan tozo, inda turjiya ta yi ƙanƙanta, awon kusurwoyin ba ya maimaita kansa. Ashe wayoyin da suka taso daga sanyi zuwa ɗumi suna haifar da 'yar boltarsu a mahaɗa, maikiro-bolt kaɗan, kuma a wurin siginar tawa ba ta wuce ɗaruruwa ba. Maganin yana cikin kowane littafin koyarwa: a tura lantarki gaba, a tura shi baya, a ɗebe ɗaya daga ɗaya a raba biyu. Na sani, na yi kasala. Duk awon Fabrairu na ƙasa da kelbin 150 sai an sake.

Na lura kuma da wata 'yar gargada kusa da kelbin 105 a na SrTiO3. Daɓen kansa yana sauya siffa a daidai wannan zafi, don haka ban yi mamaki ba, amma ba zan rubuta ta a rahoto ba sai ta sake fitowa sau uku.

Laraba, 19 ga Maris

Siririn LaAlO3 ya ƙi. Babu tozo. Turjiya ta yi ta hawa daga zafin ɗaki har na wuce kelbin 120, inda mitarmu ta ɗaga hannu. Na rage lantarki zuwa nano-amfiya 100 don kada samfurin ya ɗumama kansa ya yaudare ni, na samu ƙarin kelbin ashirin, shi ke nan. Sinadari ɗaya, rana ɗaya aka shafa su, kauri ɗaya da na NdGaO3, amma wannan ya ƙi zama ƙarfe.

Na kwana biyu ina gwada lissafi a kan layin. Daga kelbin 300 zuwa 180 tsarin tsallen folaron ya zauna daram, da katangar da ilektiron zai haura wajen mili-ilektironbolt 140. Ƙasa da haka na gwada tsarin Mott, wanda ilektiron yake barin maƙwabci na kusa ya yi dogon tsalle zuwa inda ya fi masa sauƙi. Shi ma ya ba da miƙaƙƙen layi. Na kai wa Dokta ina murna. Ya ɗauki biro, ya nuna mini iyakar zafin da na yi amfani da shi, ya ce, "Malam, a wannan ɗan taƙin ko igiyar shanya ka zana za ta miƙe." Gaskiyarsa. Daga kelbin 100 zuwa 170 tsare-tsare uku ko huɗu duk suna kama da juna. Takardu da yawa da na karanta sun yi irin wannan iƙirari da bayanai da ba su fi nawa ba, kuma na daina yarda da su da sauri.

Sai ya yi tambayar da ta hana ni barci: "Wa ya gaya maka matsi ne?" Domin akwai wani ɓarawon. In shafe bai sha oksijin ya ƙoshi ba lokacin da ake yin sa, kowane gurbin oksijin gada ce da ta karye tsakanin manganis biyu, kuma yana rage yawan Mn4+. Sakamakon iri ɗaya ne: tozo ya sauka, ko ya ɓace. Ga kuma matacciyar shimfiɗa da kowane shafe yake da ita a inda ya haɗu da daɓe, 'yan nanomita da ba sa wuce lantarki, wadda an san ta fi kauri a kan LaAlO3. Ni na zo da suna ɗaya a baki, matsi, alhali waɗanda ake zargi uku ne.

Talata, 8 ga Afrilu

An yi sallah, ruwa ya sauka, sabuwar fitina ta zo. Iskar Kumasi ta damina tana shiga bututun, raɓa ta kwanta a kan samfur. A sanyi ƙanƙara ce, ba ta cika damuna ba, amma da na dawo wajen kelbin 273 sai turjiyar siririn ta faɗi kwatsam. Na minti biyu na ɗauka na gano sabon abu. Ruwa ne. Yanzu ina toshe bakin bututun da roba, in hura busasshiyar iskar naitirojin kafin in fara, ba na buɗewa sai tagullar ta yi ɗumi a hannu.

Na gwada maganaɗisu. Guda biyu na niyodimiyom, samfur a tsakani, ƙarfin maganaɗisun wajen tesla 0.3. A na NdGaO3, dab da tozo, turjiya ta ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari, nesa da tozon kuwa kusan ba komai. Haka ake tsammani, domin a nan ne alƙiblu ke tsakanin bi da ƙi, ƙaramin turi ya ishe su. Jin da abokan aikinsa a Bell Labs a 1994 sun ga sauyi fiye da ninki dubu a kelbin 77 da tesla 6, daga nan sunan "gagarumar turjiyar maganaɗisu" ya bazu. Nawa ƙanin ƙaninsa ne, amma jini ɗaya ne. Siririn LaAlO3 shi ma ya ɗan motsa ƙasa da kelbin 150, ya ragu kaɗan. Wato akwai tsibirai na maganaɗisu a cikinsa, ba su dai haɗu sun zama hanya ba.

A unguwar Aboabo da daddare Mma tana tsince waken waakye na gobe ta ce, "Har yanzu duwatsun naka ba su huce ba?" Na ce ɗaya ne ya ƙi ji. Ta ce, "Yunwa yake ji ko takura masa aka yi?" Na ajiye cokali. Ban taɓa yi mata bayanin oksijin ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Shawarar da muka yanke: a raba kowane samfur biyu, a gasa rabi cikin oksijin, a bar rabi yadda yake don kwatance. In yunwa ce, wanda aka ciyar zai farfaɗo. Mun yi gardama kan zafin tanderu. Dokta yana son digiri 800 don oksijin ya shiga sosai. Ni na ce a wannan zafi shafen zai iya saɓule wa daɓen ya saki matsin, sai mu kashe tsuntsu biyu ba mu san wanda muka harba ba. Muka tsaya a 600, awa shida, a huce a hankali cikin oksijin. Wannan ne karo na farko da ya bar mini magana.

Yankan ne tashin hankali. Ana karta bayan daɓen da alƙalamin lu'ulu'u, a ɗora a kan siririyar waya, a danna. SrTiO3 ya rabu tsaf. Mai kauri na LaAlO3 ya fashe gida uku, domin kiristal ɗin cike yake da tagwayen layuka da ake gani ko da ido. Babban ɓarin ya isa ɗigo huɗu, da ƙyar. Siririn na bar shi sai da na yi la'asar hannuna ya daina rawa. Ya rabu, gefe ɗaya ya ɗan ɓare.

Litinin, 12 ga Mayu

Awon bayan gashi ya kammala jiya da dare.

Na NdGaO3 ya tashi daga 258 zuwa 262, kusan bai motsa ba. Na SrTiO3 daga 175 zuwa 183. Mai kauri na LaAlO3 daga 228 zuwa 247, shi ne ya fi kowa jin yunwa ashe. Siririn kuwa turjiyarsa a zafin ɗaki ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku na da, kuma layin ya ɗan rusuna kusa da kelbin 110, kamar mai son yin tozo ya fasa. Bai zama ƙarfe ba.

Yadda na karanta shi: oksijin yana da hannu a duka huɗun, amma bai isa ya bayyana kelbin tamanin na SrTiO3 ba, balle taurin kan siririn. Sai dai ba zan iya rantsewa cewa gashin bai sassauta matsin ba, musamman a mai kaurin, wanda da ma ina zargin ya fara sakin jiki tun wajen shafawa. Na so in ce awon ekis-re na tsayin keji zai raba gardama, tunda shafen da aka matse ta gefe yakan miƙe sama. Dokta ya tuna mini cewa rashin oksijin ma yana ƙara tsayin, saboda Mn3+ ya fi Mn4+ girma. Dole sai an auna tazarar kwance, a ga ko har yanzu tana daidai da ta daɓen. Wannan awo sai an mayar da ɓarin samfuran inda aka yi su.

Na naɗe rabe-raben duka, kowanne da lambarsa a bayan kwali, za su tafi ranar Alhamis. Na roƙi a haɗo mana da sababbi biyu a kan LaAlO3, nanomita 35 da 60, don in ga a wane kauri tozon yake dawowa. Kafin su tafi ina so in sake sauke siririn da aka gasa sau ɗaya, da maganaɗisu a jiki, in ga ko rusunawar kelbin 110 za ta zama tozo. Naitirojin da ya rage a tulu bai fi lita 6 ba, ya isa sauka ɗaya in na fara da asuba.